Takardar Mai Gyaran Waya

A layin masu gyaran waya ta fara ganinsa, ranar da ta fito raba takardun bincikenta na kammala jami'a. Tambayoyi ashirin ne, kowa ya auna rashin ladabinsa da kansa, ba a sa suna. Ikon Allah, ranar duk layin waliyyai ne. Wani ma "ban taɓa ba" ya zaɓa daga sama har ƙasa, sannan ya cillo mata bironta.

Shi kuwa ajiye wayar da yake kwancewa ya yi, ya goge hannu, ya ba ta kujerarsa. Ya daɗe a kan takardar kamar mai rubuta jarrabawa.

Da ta haɗa maki a gida, nasa ya fi na kowa muni. Katse mutum yana magana: sau da yawa. Tsaki: sau da yawa. Abin ya tsaya mata a rai, har ta aikata abin da malaminta ya hana. Ta rubuta "Mai Gyara" a saman takardar, ta soke ta cikin littafinta.

Washegari ta kai masa wayarta, lafiyarta ƙalau.

Ya jujjuya ta, ya yi murmushi. "Malamata, wannan ai ta fi ni lafiya."

Daga nan zance ya ƙullu. Wata takwas ba su gundura da juna ba, har ya ce zai turo manya. A satin ne Abbanta, tsohon hedimasta, ya buɗe littafin.

"Mutumin da ya yi wa kansa wannan shaida zan ba 'yata? Ba da ni ba!"

"Abba, ka bari in yi maka..."

"Na gama magana."

Ta tura masa saƙo, ba ta ɓoye komai ba. Amsarsa gajeriya ce: "Kin ce ba suna, Malamata." Kwana uku bai sake cewa uffan ba, ita kuwa ta ci kuka ta ƙoshi, don ta san amana ta ci.

Ta rubuta masa: "Na yi laifi, Mai Gyarana. Sonka ya sa, amma ba hujja ba ce. Ka yafe min."

A rana ta huɗu ya rubuto: "Na yafe, sanyin idona. Takardar kuma gaskiya ce. Duk tsakin da na taɓa yi wa mahaifiyata ina tune da shi, yana ci min rai. Ta yaya zan ce ban taɓa ba?"

Umma ce ta karanta saƙon. Ta ɗauki sabuwar takardar tambayoyin ta ajiye wa Abba kusa da tabaraunsa.

"Kai ma cike mana, Malam."

Ya ja biro yana hura hanci. Katse mutum yana magana: ban taɓa ba.

"Malam, wannan ta farkon ai..."

"Ke dakata, na san kai..."

Sai ya tsaya cak, biro a sama. Ya dubi takardar, ya dubi matar da ya yi shekara talatin da ita. A hankali ya ce, "Ƙarasa maganarki."

Umma ta buɗe baki, hawaye suka riga ta. "Wallahi ban ma san ƙarshenta ba. Ban taɓa kaiwa nan ba."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Abba ya riƙe hannun angon da hannu biyu.

"Ka riƙe ta amana, ɗana. In ta fara magana, ka jira ta kai aya. Allah ya yi muku albarka."

Umma ta ɗora da tata addu'ar, doguwa, ta zagaye 'ya'ya da jikoki. Motoci na ta hon a waje. Abba na tsaye, hannu a buɗe, har ta shafa.