Tawada a Yatsan Baba

Af, shagon ɗinkin nan kike tambaya? Ai surukinta ne ya bar mata, kuma saura ƙiris ya kashe mata aure. Gyara zama ki ji.

Mai Keke muke ce mata, saboda kekenta na ɗinki da ba ya shiru a ɗakin gaba na gidan Baba, mahaifin mijinta. Da ciwo ya kwantar da Baba, ita ke juya shi, ita ke ba shi magani, ita ke wanke zannuwan gado. Yakan ce ɗakin nan nata ne bayan ransa, amma iyakarta baki.

Mijinta direba ne, yana sonta kamar me. Ya san halin wansa, Yaya Babba. In Baba ya rufe ido, keken nan sai bakin titi. Ran nan da hantsi sai ga mijin nata da takardar wasiyya da ya rubuta da kansa, har ya kama yatsan Baba ya dangwala, alhali allurar barci ba ta saki tsohon ba. Ya sa hannu a matsayin shaida, ya miƙa mata biro ta zama ta biyu.

"Ba zan sa ba, Baban yara," ta ce a hankali. "Baba bai san an taɓa yatsansa ba."

"Ƙarya na yi masa? Ba da bakinsa ya faɗa ba? Don ke fa nake yi, madam!"

Ta ce ta sani, amma a yaga. Ya yaga cikin fushi, ya daina cin abincinta.

Kashegari ƙanwarsa ta zo yanke wa Baba farce, ta ga tawada a babban yatsa. Gida ya rikice. Yaya Babba ya ce Mai Keke ce ta shirya komai, dama jinyar ta kwaɗayi ce, ƙanin nasa ya zaɓa — ko ita ko danginsa. Ta sha kuka a kan keke, amma ba ta tona mijinta ba, ba ta kuma daina jinya ba.

Akwai wata lauya da take yi wa ɗinki. Tana gwada mata riga ta tambaye ta ƙa'idar wasiyya. Lauyar ta ce sai mai wasiyya yana cikin hankalinsa, ba tilas. Sai shaidu biyu sun gan shi ya sa hannu, kuma kada su zama masu rabo a ciki ko mazan masu rabo. Sannan kada kyautar ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiyarsa.

Da ta faɗa wa mijin, ya ce, in Baba ya rasu kafin ya farfaɗo fa? Ta ce to ta rasa ɗaki, amma ba ta cuci tsoho ba.

Wata safiya Baba ya tashi garau, har yana mitar shayi ba sukari. Yaya Babba ne Mai Keke ta fara kira a waya. Likita ya duba Baba, mai kemis da malamin makaranta suka zama shaidu, lauyar ta karanta sabuwar wasiyya. Ita da mijinta suka fita tsakar gida.

"Kai ma matso ka ji da kunnenka," Baba ya ce wa babban ɗansa. "Ba wanda ya riƙe min hannu."

Bayan rasuwa Yaya Babba ya kai takardar wurin nasa lauyan. Lauyan ya ce takarda ta inganta, ya dawo ya ajiye mata makullin ɗakin a kan keke.

Mijin ya tara 'yan'uwansa ya ce shi ya dangwala yatsan, a daina zarginta. Da suka shiga ɗaki ya ce, "Da kin biye min, da yau ba ɗaki, ba mutunci."

Ta ce, "To ci abincinka kafin ya huce."

Kin gani, 'yar nan, so ba ya gyara abin da aka yi a ɓoye. Wanda ya yi haƙuri ya bi ƙa'ida, ba mai ƙwace masa rabonsa. Bari in leƙa baƙin can, tun ɗazu ba a kai musu ruwa ba.