Wanda Ya Yanke Wutar Ɗakin Baba Garuba

Ƙarfe huɗu da rabi na yammacin Asabar aka bugo waya ofishin 'yan sanda daga Bosso. Wata malamar jami'a mai suna Nabila ta ce mahaifinta ya rasu, amma ba za ta bari a yi masa wanka ba sai 'yan sanda sun zo.

Sufeto Ndatsu ya tarar da gidan cike da maƙwabta. Marigayin, Baba Garuba, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Shekara biyu ke nan huhunsa ya lalace, sai da taimakon wata na'ura mai aiki da wuta yake numfashi. Yana kwance a bakin gado, robar iska a hancinsa, hannunsa ɗaya ya miƙa wajen soket. Na'urar a mace take.

Nabila ta ce saboda shi ta sa aka haɗa sola da batura a gidan, aka kuma liƙa wa kowane ɗaki ƙaramar na'ura mai gane motsin mutum. In ɗaki ba kowa, sai ta kashe fanka da fitila don batir ya daɗe. Ɗakin Baba kaɗai aka keɓe, ba a taɓa yanke masa wuta.

"Ko batir ne ya ƙare?" in ji Ndatsu.

"An ɗauke wuta tun safe, yallaɓai, amma da na dawo batir bai kai rabi ba ma wajen sauka. Wani ne ya kashe."

Mutum biyu ta bari a gida: Rahmatu mai jinya, da ƙanin Nabila, Taufiq, wanda ya gama karatu yana zaman jiran aiki. Rahmatu ta rantse ko ƙofar gida ba ta leƙa ba. Taufiq ya ce tun hantsi yana Gidan Kwano wajen abokai, kuka kawai ya dawo ya tarar.

Ndatsu ya sa aka kira Ernest, injiniyan da ya haɗa kayan. Ernest ya buɗe kwamfutarsa a kan teburin falo, ya ce duk abin da na'urorin suka ji suna ajiye shi da lokacinsa. Ya nuna cewa an buɗe ƙofar gida ƙarfe ɗaya da minti goma, daga nan kicin da falo ba motsi har ƙarfe huɗu saura.

Sufeton ya juya wajen Rahmatu. "Ina kika je?"

Ta fashe da kuka. Bikin suna ta je Limawa, gidan yayarta. Ta ce Taufiq ne ya ce ta tafi abinta, zai kula da Baba, daga baya kuma ya roƙe ta kada ta faɗa.

Taufiq ya ce sharri take yi masa. Ndatsu ya ce wa Ernest ya buɗe bayanan ɗakin yaron. Akwai mutum a ciki tun sha biyu har uku da rabi. Ƙarfe ɗaya da minti ashirin da huɗu aka kashe soket ɗin Baba ta wayar hannu, bayan minti ɗaya kuma na'urar sanyaya ɗakin Taufiq ta tashi.

"Me ya haɗa su biyun?"

"Batir ba ya ɗaukar su tare, yallaɓai," in ji Ernest. "Na saita shi yadda mai sanyaya ɗaki ba za ta kunnu ba muddin na'urar Baba tana aiki. Sai an kashe ɗaya."

Ya ƙara nuna wani layi, murya ƙasa-ƙasa. A ɗakin Baba an yi ta motsi tsawon minti sha ɗaya, daga nan shiru.

Ndatsu ya karɓi wayar Taufiq. Saƙon gargaɗi huɗu suka shigo cewa na'urar iska ta tsaya, kuma an buɗe na farkon.

"Ka karanta wannan?"

Taufiq ya zauna a hannun kujera. "Zafi ne ya yi yawa, yallaɓai. Na ce minti goma kawai ɗakin ya ɗan yi sanyi, ai yakan jure. Sai barci ya ɗauke ni."

"Da ka farka fa?"

Ya ce ya leƙa ya ga Baba ba ya motsi, sai ya fita ta ƙofar baya, ya zauna wajen mai shayi har ya ji kuka.

Nabila ta tashi. Ta shiga ɗakin mahaifinta ta rufe ƙofa.

Kofur ɗin da ya rako Sufeton ya sa wa Taufiq ankwa, maƙwabta suka dare suka ba su hanya, ba wanda ya dube shi. A bakin mota Taufiq ya tsaya, ya tambayi Sufeton a hankali ko akwai fanka a inda za a kai shi.

Ndatsu ya dube shi daga sama har ƙasa. Ya ce wa kofur su wuce da shi, shi zai biyo su a keke.