Ranar da Aka Kama Yaya a Tsallake

"Sun kama yayanki a tsallake, wai ɓarawon babur ne."

Ban tsaya jin sauran maganar maƙwabciyarmu ba, na kwasa da gudu na haye gadar. Tun rikicin da ya raba unguwarmu biyu, babu ɗan gidanmu da ya sake taka ta.

A ƙasa na tarar da Yaya, jini ya rufe masa ido, samari sun zagaye shi da gorori da duwatsu. Alhali nasa babur ɗin aka sace, ya biyo sawu har layinsu.

Sai ga mai walda ya ratso taron...

Masoyina. Wanda Baba ya kora daga ƙofar gidanmu, ya ce ɗan tsallake ba zai auri 'yarsa ba.

Ya durƙusa ya rufe Yaya da jikinsa. Dutse ya sauka a kafaɗarsa, ko gezau.

"Matsa, kai namu ne!" in ji wani.

"Naku ne ni, shi ya sa zan faɗa muku gaskiya," ya ce. "In an yi sata a can, su ce mu ne. In an yi a nan, mu ce su ne. Ɓarayin kuwa, nasu da namu, kwano ɗaya suke ci. Su kaɗai ne ba su rabu ba."



Mahaifiyar mai walda ta fito tana dogara sanda, ta tsaya a gabansu. Wata mata ta ajiye bokitinta ta tsaya kusa da ita. Sai wata, sai wata... Matan da aka ce mana ba su da imani, ga su sun zama katanga saboda ɗan'uwana.

Aka shigar da Yaya shagon walda. Ana haka mutanenmu suka iso da adduna. Ashe ɗan baffana, wanda na ƙi aurensa, shi ya zuga su cewa an kashe Yaya. Baba ne a gaba.

Ya tarar da ɗansa zaune a shagon walda, tsohuwa tana goge masa fuska da gefen mayafinta. Ya daɗe yana kallo, kafin ya juya ya ce wa mutanenmu, "Ku sauke addunan."

Mai walda ya dube ni. "Daina kuka, abar ƙaunata, ba komai."

Baba ya ji. Na sunkuyar da kai.

"Yaro," in ji Baba, "gobe ka turo manyanka."

Sai kuma Baba ya girgiza kai.

"A'a, su zauna. Ni na yi kora, ni zan zo."

Kuma ya je. Ranar ɗaurin aurenmu, babu wanda ya iya tantance ɗan nan da ɗan tsallake a cikin sahu.