Yadin Tsallake

"Mbak Ruk, don Allah taɓa wannan! Ji laushi... wallahi kamar ba ki saka komai ba!"

"Gendis, sakar min hannu. Ni za ki koya wa yadi?"

Ƙanwata ce, autar gidanmu, bakinta ba ya gajiya. A wurinmu Mbak ake ce wa yaya mace, Mas ga yaya namiji, Dik kuma ga na ƙasa da kai. Tun daga gida take zuba, cikin ruwan saman nan da ya ƙi ɗaukewa, har muka shigo layin 'yan yadi na kasuwar garinmu Pekalongan mun jiƙe sharkaf. Kuma duk shagunan da ke layin, sai ta ja ni shagon Mas Toyo! Wai kayansa sun fi kyau. Haushi kamar in kai mata ranƙwashi.

Aure za ta yi, ni yayarta ina zaune. A wurinmu ƙanwa ba ta tsallake yaya haka kawai, sai an yi langkahan. Za ta durƙusa gabana ta nemi izini, ta ba ni kyautar da na zaɓa da bakina, ni kuma in ce na yarda. Ibu, mahaifiyarmu, ta rantse in ban furta ba, ba za a ɗaura ba. Na ce yadin siket nake so. Ɗinki ne sana'ata, me kuma zan ce?

Shi kuwa Mas Toyo... sau biyu yana turo magabatansa gidanmu, sau biyu ina cewa ya ƙara haƙuri. Tun da ɓarin jikin Ibu ya shanye, ni ce wanka, ni ce ɗagawa, ni ce juyawa. Ya yi ta jira har na daina iya haɗa ido da shi.

Ya fito daga bayan dilolin yadi, igiyar awo rataye a wuyansa. Ya rame.

"Dik Rukmini. Kin ɓuya."

"Ina nan, Mas."

"Dik Gendis, leƙa shagon gaba ki duba mata maɓallai. Ki ce ni na aiko ki."

"Ahaf! Korata ake, na gane," ta faɗa tana dariya, ta fice.

Ruwa na ta dukan kwano. Ya miƙa hannu can saman kanta ya sauko da wani yadi a naɗe cikin leda, ya warware shi a gabana. Kalar ruwan ƙwai ne, mara nauyi, amma ba shara-shara ba.

"Kin tuna siket ɗin nan mai faɗi da kika yanka samfurinsa a takarda? Wanda kika ce za ki saka ranar da zan kai ki gidana?"

"Mas, bar tone-tone..."

"Kin ce duk yadin kasuwar nan ya yi masa nauyi, in an ɗinka tsayawa zai yi ƙiƙam kamar lema. To ga wanda zai zuba. Tun bara na ajiye shi."

Hannun tela ba ya jin magana. Kafin in ankara na ɗora yadin a bayan hannuna na sake shi, ya sulale ya zuba, ko'ina ya kwanta inda ya dace. Ba ƙarya, shi ne.

"Tafiya zan yi," ya ce a hankali. "Garin Balikpapan, can tsallaken teku. Kawuna ya tsufa, ni zan riƙe masa shago. Bayan Sallah zan tashi, kuma ba na jin zan dawo."

"Allah Ya tsare."

"Shi ke nan abin da za ki ce?!"

"To me kake so in ce?"

"Ki ce ba ki yarda a tsallake ki ba! Ke ce babba, Dik. Haƙƙinki ne. A ɗaura namu tukuna, mu tafi tare, Gendis ta zauna da Ibu. Ke ma fa mutum ce... ke ma kina da zuciya!"

"Mijinta can nesa Batam zai kai ta, kuma danginsa sun ce ba za su ɗaga rana ba. In na hana, ta rasa shi."

"In kin yarda fa? Wa ya rasa wa?"

Ibu ba za ta jure tafiyar teku ba, kuma ta ce gawarta ce kaɗai za ta bar gidan da mahaifinmu ya rasu a ciki. Mu biyu ta haifa. Dole ɗaya ta zauna, wannan ko yaro ya sani.

"Rabin raina," ya ce, "na gaji da roƙo. Ba sai kin yi magana ba, na san bakinki da nauyi. Yadi kika zo zaɓa. Wanda kika nuna, shi zan yanka, ni kuma na ji amsata."

Sai muka ji shessheƙa a bakin ƙofa. Ashe 'yar banzar ba ta je ko'ina ba, tana laɓe tana ji.

"Mbak... me ya sa ba ki taɓa gaya min ba?"

"Wa ya ce ki yi mana laɓe?"

"Ni na ɗauka ke ce ba kya sonsa! Wallahi na fasa! Zan zauna da Ibu, ki bi Mas Toyo. Ɗauki wannan, ɗauki mana!" Ta cusa min yadin a ƙirji tana kuka wiwi.

Ba zan ɓoye ba, na so in karɓa. Na so ƙwarai! Na ga kaina a cikin siket ɗin, iska na kaɗa shi, ba warin magani, ba zanin gado jiƙaƙƙe. Har na buɗe baki.

Sai idona ya sauka a gefen siket ɗin da ke jikina, inda na kama shi da fil. Da safen nan da zan fito, Ibu ta miƙo hannunta mai lafiyar ta damƙe shi. Gendis na tsaye kusa da ita, amma ni ta kama. Harshenta ba ya juyawa sosai, sai ido. Na ce, "Yanzu zan dawo, Bu," na ja jiki, ta ƙi saki, yadin ya yi ƙiiii ya yage a bakin ɗinki. Ta tsaya tana kallon ƙyallen da ya rage a hannunta, hawaye na gangara mata cikin kunne.

Na ninke yadin ruwan ƙwan da kyau, na ajiye masa a kan kanta.

"Mas, ba ni wancan na ƙasa. Mai kaurin."

"Wannan ai yadin kayan ma'aikata ne! Ba ya zuba, Dik. Ba zai yi siket ɗinki ba."

"Wani zan yanka, miƙaƙƙe, mai tsaga a baya yadda zan iya durƙusawa. Ina son wanda zai sha wanki kullum bai mutu ba... wanda in an riƙe shi da ƙarfi ba zai yage ba."

Ya daɗe yana kallona. Ni ma karon farko na bar shi ya kalle ni son ransa.

Gendis ta zube a kan simintin nan mai laima, ta rungume gwiwoyina.

"Mbak Ruk, ki yafe min... ki yafe min..."

"Tashi, kina ɓata kayanki. Ai ba yau ne langkahan ba, ki adana hawayen." Na dafa kanta, gashinta a jiƙe. "Na yarda, auta. Tsallake ni. Allah Ya ba ku zaman lafiya."

Mas Toyo ya sunkuya ya jawo dilar, ya shimfiɗa, ya auna. Bai tambaye ni mita nawa ba, ya san awona. Mutumin da 'yan layi ke cewa ko idonsa a rufe zai tsaga yadi a miƙe, yau almakashi ya ƙi bin hannunsa. Yadin da tauri, yana yanka yana tsayawa, har ya kai ƙarshe. Bakin ya fito a karkace.

"Ya karkace," ya ce, bai ɗago ba. "Bari in sake miki wani."

"Bar shi, Mas. Zan kalmashe shi ta ciki, ba wanda zai gani."

Ya naɗe ya miƙo min da hannu biyu. Na karɓa na rungume, na riƙo hannun Gendis muka fita. Na gode Allah da ruwan bai tsaya ba, don tun daga bakin kasuwa har ƙofar gida kuka nake, ba wanda ya gane.