Mai Burodi a Tsakanin Ƙofa Biyu

Wayyo duniya! Hannunta duk ƙullun fulawa ne ranar da aka raba Mai Burodi da 'yarta. Tana durƙushe gaban tanderu wan mijinta ya faɗo tsakar gida, ko gaisuwa babu, ya damƙi hannun yarinyar ya ja. Yarinyar, wadda kowa ke kira 'Yar Baba tun mahaifinta na da rai, ta ƙanƙame zanen uwarta tana ihu, uwar kuwa tana bin su da gwiwa, hawaye shaɓe-shaɓe... "Yaya, ka dubi girman Allah. Ita kaɗai ƙaninka ya bar mini. In na yi laifi, ni za ka hukunta." Ko waiwayowa bai yi ba. Ya ce jinin gidansu ba zai tashi a hannun munafuka ba, kuma kafin rana ta faɗi ta kwashe komatsanta ta bar masa ɗakin ƙaninsa.

To, mene ne laifin wannan baiwar Allah? Ku ji abin takaici. Wan mijin nan dattijo ne a ikilisiya, mai faɗa a ji, shi ya sayi kwanon rufin coci, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da hakan ba. Da aka kawo sabon fasto, matashi mai sanyin hali, sai wata Lahadi ya roƙi dattawa su bar kujerun gaba ga tsofaffin da kunnensu ya yi nauyi. Shi ke nan fa! Dattijo ya ce an ci masa mutunci a bainar jama'a. A kan kujera, jama'a, kujerar katako! Kamar wasa ƙaramar magana ta zama babba, ya ja rabin masu bi ya kama hayar wani tsohon shago a tsallaken titi, ƙofa na kallon ƙofa. Aka raba bencina, aka raba mawaƙa, kowane ɓangare ya ƙure lasifikarsa don ta danne ta ɗan'uwansa. Mutanen da aka yi musu baftisma rana ɗaya suka koma ba sa ga maciji da juna.

Ita kuwa Mai Burodi, tun mijinta na raye ita ke gasa burodin jibin Ubangiji. Da aka rabu sai ta rasa ina za ta sa kanta. Matar da ta karɓi haihuwarta tana wannan ƙofa, mazan da suka ɗauki gawar mijinta suna waccan. Wa za ta bari? Sai ta ci gaba da kwaɓa ƙullu ɗaya kamar yadda ta saba, ta gasa babba guda, ta raba biyu, ta kai rabi nan rabi can. Ana haka har Dattijo ya lura burodin kullum da yanka a gefe, ya tambaye ta ina sauran. Ba ta iya ƙarya ba, ta faɗa masa. Ya yi tsalle ya dire, wai ashe duk watannin nan ragowar wancan yaron, wato fasto, take ciyar da shi! Wannan ne laifin da ya raba ta da 'yarta.

Da a ce mutanen fasto sun rungume ta, da da sauƙi. Ina! Wata tela, shugabar matan cocin, mai baki kamar almakashinta, ta baza cewa Mai Burodi 'yar leƙen asirin wan mijinta ce, korar ma shiri ne. Fasto ya yi ta tsawatarwa, amma wa ke jin matashi? Nan a ce mata mai fuska biyu, can a ce mata maciya amana. Ta kama wani ɗan ɗaki a bayan garejin makanikai, ta yi tanderu da rabin tsohuwar ganga, amma masu saye suka ɗauke ƙafa, burodi ya riƙa bushewa a faranti. Ta rame ta lalace, sai idanu. Kullum da rana takan laɓe a gindin katangar makaranta don ta hango 'Yar Baba an tashi, har Dattijo ya ji labari ya sauya wa yarinyar makaranta. Ranar ta yi kuka kamar ranta zai fita. Duk da haka, in ta durƙusa addu'a ba ta tsine wa kowa, cewa take, "Ya Yesu, kai ka san ban raba ka biyu ba. Ka haɗa kan 'ya'yanka, ka maido mini da tawa..."

Wata Lahadi da hantsi sai ga facalarta, matar Dattijo, ta shigo a firgice, ɗankwali a hannu. Mace ce mai tsoron Allah, tsoron miji ne kawai ya ɗaure mata baki. Ta ce 'Yar Baba tana asibiti, zazzaɓi ya cinye mata jini, likita ya ce sai an ƙara mata da gaggawa. An gwada na kowa a gidan, bai dace ba. Ta roƙi mijinta ya sanar a coci, ya ƙi. Wai in mutanensa suka ji za su ce ya kasa riƙon marainiya, waɗancan kuwa gara ya mutu da ya miƙa musu hannu. Girman kai rawanin tsiya! Yarinya na shure-shuren mutuwa, shi yana can yana wa'azi.

Ko takalmi Mai Burodi ba ta tsaya nema ba. Ta tarar da 'yarta kwance, leɓe fari fat, tafin hannu kamar takarda, ko sunanta aka kira ba ta motsi. Ta miƙa wa nas hannu ta ce a kwashe nata duka. Nas ta duba idonta, ta gwada, ta girgiza kai cikin tausayi, ta ce ai ita ma jinin bai ishe ta ba, yunwa ta gama da shi. Allah sarki! Uwa ga 'yarta, amma ba ta da abin ba ta.

Daga nan ba ta san lokacin da ƙafafunta suka kai ta titin nan ba. Lasifika biyu na ta gasar ihu. Ta tsaya a tsakiyar kwalta, tsakanin ƙofofin biyu, motoci na kauce mata, ta ɗora hannu a ka ta rushe da kukan da ya keta waƙar duka ɓangarorin. Ɗaya bayan ɗaya aka kashe lasifikun, aka fara leƙowa.

"'Yan'uwana cikin Almasihu, ban san wace ƙofa zan shiga ba, shi ya sa na tsaya a nan," in ji ta. "'Yata na mutuwa, jini take nema. Dukanku kun ɗauke ta ranar da na fara kawo ta coci. In jinin Yesu ɗaya ne ya fanshe mu, ku taimake ni da naku..."

Dattijo ya fito yana huci, ya ce ƙarya take, kuma duk wanda ya bi ta ya fita daga cikin mutanensa. Sai matarsa, wadda ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ta fito gaban jama'a ta ce gaskiya ne, shi ya hana a faɗa. Kunya ta lulluɓe kowa. Wadda ta fara sauko da ƙafa kan titi, kun san ko wace ce? Tela! Ta zube gaban Mai Burodi tana kuka tana cewa bakinta ya cuce ta. Sai mai ganga daga ɓangaren Dattijo ya ajiye gangarsa ya tsallako. Kafin ka ce kwabo ƙofofin biyu sun amayar da mutane, suka ratsa Dattijo ta dama da hagu kamar ba su gan shi ba, suka nufi asibiti.

A can benci ɗaya ne dogo, dole aka matsu a kansa, kafaɗa na gugar kafaɗa. Nas ba ta tambayi kowa ƙofar da yake shiga ba, hannu kawai take cewa a miƙo. Masu jira suka fara addu'a, fasto ya ɗauko waƙa a hankali, mawaƙan da suka rabu suka amsa da murya ɗaya, har wasu suka kasa ƙarasawa don kuka. Jinin tela ya dace, na wani direba daga mutanen Dattijo shi ma ya dace. Washegari da safe 'Yar Baba ta buɗe ido, ta ga fuskar da ta yi watanni tana nema.

Dattijo kuwa, alhaki kuikuyo ne. Lahadin da ta biyo baya, shi kaɗai ya zauna a shagonsa, shi da bencina. Dattawan ɓangarorin biyu suka zauna tare suka sauke shi daga dattijantaka, dangi suka ce ya mayar wa matar ƙaninsa ɗakinta. Ranar da za a sallami yarinyar ya shigo asibitin a sunkuye, ya tsufa cikin mako guda, ya durƙusa a gaban matar da ya kira munafuka.

"Tashi, Yaya," in ji Mai Burodi tana share hawaye. "Na yafe maka. Ka zo coci ranar Lahadi, ba wanda zai kore ka."

Nan nas ta shigo ta tambaya a hannun wa za ta damƙa yarinyar, tun da Dattijo ne ya kawo ta. Kowa ya zuba wa Dattijo ido. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ga uwarta nan."

'Yar Baba ta wuce goyo da nisa, ƙafafunta har suna taɓo gwiwar uwar. Haka nan Mai Burodi ta goya abarta, ta ɗaure zane tamau, suka kama hanyar gida.