Ƙarshen Gogen da Harouna Ya Yanke

Shekara biyu bayan mulkin kai, Harouna yana aiki a gidan rediyo a Yamai. Shi ke zagaya ƙauyuka da akwatin ɗaukar murya. Wata Laraba ya sa wa masu saurare kiɗan gogen da ya ɗauko a Tondibia, wurin masu bori. Kiɗan ya yi tsawo, lokacin labaru ya matso. Ya sa almakashi ya yanke ƙarshen zaren da kiɗan ke kai.

Da magariba yana alwala a gidansa na Boukoki, dutse ya faɗo bisa kwanon rufi. Sai wani. Ya leƙa, babu kowa. Rediyon ɗaki a kashe take, amma goge na fitowa daga cikinta, can ƙasa-ƙasa.

'Yarsa Balkisa ta ajiye tulu, ta zauna a ƙasa. Kwana uku ba ta ci ba, ba ta gane uwarta ba.

Aka kira Malam Isaka. Ya yi hayaƙi, ya yi tofi, ya daɗe yana kallonta.

"Wane ne kai?"

Muryar tsoho ta fito daga bakin yarinyar. "Ku kuka kira ni, gida dubu lokaci ɗaya. Duk inda na shiga akwati ne, ba mai goge. Ba wanda ya sallame ni."

Malam ya juyo. "Harouna, ina kiɗan sallama?"

"Na yanke, Malam. Labaru ne suka..."

"Ka kira baƙo, ka rufe ƙofa." Ya koma ga yarinyar. "Ba ita ta kira ka ba. Sake ta."

"A sallame ni ta inda aka kira ni. In rana ta faɗi gobe ban ji ba, kogi za mu tafi da ita."

Da safe Harouna ya zazzage kwandon shara na wurin aiki. Guntayen zare sun fi ɗari, duk kama ɗaya. Ya riƙa liƙawa yana saurare, sai la'asar ya samu guntun. Ya roƙi a sa shi kafin rana ta faɗi.

Shugabansa, da suke kira Mushe Abdou irin na Faransanci, ya ɗaure fuska. "In tsai da labarun majalisa saboda aljani?"

"'Yata ce, Mushe."

Abdou ya dubi agogo. "Minti biyu."

Rana ta yi ja a kan kogi, gogen ya tashi daga rediyoyin gari, ya sauka a hankali, ya mutu. A Boukoki Balkisa ta yi atishawa sau uku.

"Inna, wa ya bar tulu a rana?"

Harouna ya shekara ashirin a wurin. Bai sake yanke ƙarshen kiɗan kowa ba.