Masarar Tallafi

Turmin gidan Malam Inuwa a kife yake a gindin katanga, gizo-gizo ya yi saƙa tsakaninsa da taɓarya. Sufeto Khalilu ya gan shi yayin da yake cire takalmi a ƙofar ɗaki.

Gawar Malam Inuwa tana kan tabarma an rufe ta da zane. Ya ɗaga gefen zanen. Busasshiyar kumfa ce a gefen bakin tsohon, rigarsa kuma har yanzu da danshin gumi.

Ma'aikaciyar ƙaramin asibitin yankin ce ta kira ofishin 'yan sanda na Bagwai da safe. Ta ce tun farkon mako mutanen ƙauyen Gidan Rimi ke zuwa mata da amai da jiri, kuma duk wanda ta tambaya me ya ci sai ya kalli ƙasa. Yau ta ji an ce ɗaya ya mutu.

"Ranka ya daɗe, tsufa ne," in ji mai unguwa Muhammadu Sani daga bakin ƙofa. "Mutumin da ya girmi kwaltar Bagwai. Ka bari mu yi masa sutura kafin azahar."

"Tsufa ne ya kashe kajin nan ma?"

Saja Basiru ne ya yi maganar daga tsakar gida. Kaji biyu ne kwance a wurin wanke-wanke, kusa da tukunyar da aka jiƙa ƙanzo a ciki.

"Annoba ake yi," in ji mai unguwa.

Sufeto ya duba kwanon da ke gefen tabarma. Ragowar tuwon masara ne, mai duhu, mai gautsi, duk ɓawo a cikinsa.

"Wa ke yi masa girki?"

"Shi da kansa. Matarsa ta rasu bara. 'Yarsa Zuliha takan leƙo in ta tashi daga aiki."

Zuliha tana zaune a bayan rumbu, hannayenta duka a cikin hijabi. Ba ta kuka. Da Sufeto ya yi mata gaisuwa ta amsa ba tare da ta ɗago ba.

"A ina kike aiki?"

"Kamfani."

Ba ta faɗi suna ba, don babu buƙata. Daga inda suke tsaye ana hango rufin kwanon Kamfanin Tsamiya a kan gonaki, inda ake gyaran riɗi ana kaiwa ƙasashen waje. A wannan shekara da kwanon masara ya fi ƙarfin lebura, babu gidan da ba shi da mutum ɗaya a can.

Sufeto ya ce a kai gawar asibiti, a ɗauki kwanon da kajin. Dattawan da ke zaure suka bi shi da ido har ya fita, babu wanda ya ce masa a sauka lafiya.

Injin niƙan garin yana ƙarƙashin wata rumfa a bakin kasuwa. Mai shi, Sama'ilu, ya kashe injin da ya ga kaki, ya hau goge garin da ke girarsa.

"Malam Inuwa ya kawo niƙa?"

"Anya. Mutane da yawa ne, Yallaɓai. Ni kwano nake kallo, ba fuska ba."

"To kwanonsa ka gani?"

Sama'ilu ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Shekaranjiya ne, ina jin."

"Surfaffiya ya kawo?"

"Wa ke surfe yanzu? Da can mace ta surfa, ta bakace, ta wanke, dusa ta akuya, ƙasari na akuya. Yanzu akuyar an sayar, dusar kuma mu ne akuyoyin. Tsaba suke kawowa yadda take, in niƙe da ɓawon da komai, don ta yi auki."

Sufeto ya sa hannu a bakin injin, ya tsinto ƙwayoyin da suka maƙale a lungu. Ya fito da su rana. Farar masara ce, manya-manya, duk girmansu ɗaya kamar an zaɓe su. A cikin ɗan ramin da ke kan kowace ƙwaya akwai wani ja-ja mai kama da hoda.

"Wannan ta ina ce?"

Sama'ilu ya kalli hanya, ya kalli injinsa.

"Ƙannena biyu a can suke aiki, Yallaɓai."

"Ban tambaye ka ƙannenka ba."

"Ta tallafi ce. Wadda kamfani ya raba."

A ƙofar Kamfanin Tsamiya akwai babban ƙyalle da aka rataya, ɗauke da hoton mata a layi kowace rungume da ƙaramin buhu. A ƙasa an rubuta: Muna Tare da Al'ummarmu. Rana ta fara cinye rubutun.

Manajan, Alhaji Abdussalam, ya tarbe su a ofis ba fanka, don ba a kunna janareta sai injinan gyara za su yi aiki. Mutum ne siriri, mai magana a hankali, idanunsa sun faɗa. Ya zuba musu ruwa da hannunsa.

"Allah ya jiƙan Malam Inuwa. Shi ya sayar mana da filin da muka yi sito a kai."

"Masarar da kuka raba, daga ina?"

"Daga kasuwa muka saya."

"Wurin wa?"

"Dillali ne. Zan nemo sunansa."

"Me ya sa kuka raba? Na ji albashi ma da ƙyar kuke biya."

Alhaji Abdussalam ya murza goshinsa. "Masu sayen riɗinmu a Turai ba sa sabunta kwangila sai sun ga abin da muka yi wa mutanen da ke kewaye da mu. Duk shekara. Rijiya, ko aji, ko abinci. Bana sun ce abinci, saboda sun ga labarin yunwa a talabijin. Su ba ruwansu da kuɗin man gas."

"In babu kwangilar fa?"

"Sai kwaɗo a ƙofa, Sufeto."

"Kuna ba manoma iri?"

"Da muna bayarwa. Na masara, da damina, su riƙa haɗawa da riɗi. Bara ba su karɓa sosai ba, taki ya yi tsada."

"Ragowar yana ina?"

"Mun mayar wa masu shi."

Sufeto ya ce yana so ya ga siton. Fayau yake, an share shi har da ruwa. Ya zagaya baya shi kaɗai. Akwai manyan bahunan roba a kife a jikin bango, da wata kwata ta siminti da ke kai ruwa cikin rami. Ƙasan kwatar, tun daga bakin famfo har ramin, ya rine ya zama ja-ja. Ciyawar gefen ramin ta ƙone.

"Zoɓo ne," in ji manajan, wanda ya biyo bayansa tare da Saja Basiru. "Mukan gyara zoɓo wani lokaci."

"Saja, ka taɓa ganin zoɓon da ya kashe ciyawa?"

"Na matata ya kusa, Yallaɓai, amma bai kai nan ba."

Babu wanda ya yi dariya. Sufeto ya kankaro ƙasar kwatar a leda.

Sakamakon gwaji zai ɗauki lokaci, kuma masarar tana cikin gidajen mutane. Sufeto ya koma Gidan Rimi da la'asar, ya sa aka kira masa Zuliha a zauren mai unguwa, ya sallami kowa.

"Miƙo hannayenki."

Ta daɗe kafin ta fito da su. Fatar tsakanin yatsunta ta saɓule, gefen faratan ya yi ja.

"Lalle ne," ta ce.

"Ina da mata da 'ya'ya mata, Zuliha. Lalle ba ya cin fata."

Ta mayar da hannayen cikin hijabi.

"Irin shuka ake shafa wa magani don ƙwari, a rina shi ja don kowa ya san ba na ci ba ne. Wani ya sa an wanke jan. Ke kika wanke?"

Ta kawar da kai, Sufeto ya ci gaba.

"Akwai yara a garin nan da za a tuƙa musu masarar nan yau da magariba."

"In na yi magana za a rufe," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Mijina yana Legas, tun azumi bai aiko ba. Yarana uku. Larai da ke wanki kusa da ni marayu take riƙo. Duk garin nan sun san masarar nan, Yallaɓai. Manomi ba ya gane iri? Kowa ya gani ya yi shiru. Ni kaɗai za a ce na kashe kamfani."

"Mahaifinki ya sani?"

"Idonsa ya yi rauni. Mu mata aka sa, ranar da babu aiki. Da omo muka wanke, muka shanya a bayan sito. Manaja ya ce ba komai, a ɓawo maganin yake, in an surfa an wanke shi ke nan. Na ce wa Baba kada ya taɓa buhun sai na zo na surfa masa. Aka riƙe mu aiki har dare, kwana da kwanaki, ana haɗa kayan Turawa. Ya gaji da jira. Ba shi da komai a rumbu."

"Za ki maimaita wannan a gaban manaja?"

Ta kalli ƙofar zauren, inda inuwar mutane ke kai da kawo.

"Ina da wata hanyar?"

Sufeto ya miƙe, ya ce ta taso su tafi kamfani.

Kafin su tafi ya sa mai unguwa ya tura mai shela, duk mai masarar tallafi ya fito da ita. Mai unguwa ya tsaya yana juya hularsa a hannu.

"Za su fito da rabi, ranka ya daɗe. In kun kwashe duka, me za su ci?"

"Ka faɗa musu ita ta kashe Malam Inuwa."

"Sun sani. Za su ce su za su surfa."

Ma'aikata suna shirin tashi lokacin da motar 'yan sanda ta sake shiga kamfanin. Alhaji Abdussalam yana tsaye a bakin sito. Da ya ga Zuliha ta sauko daga bayan mota, sai ya nemi wani buhun riɗi ya zauna a kai.

Sufeto ya buɗe tafin hannunsa, ƙwayoyin masarar suna ciki.

"Har yanzu kana neman sunan dillalin?"

Manajan ya kalli hannayen Zuliha, waɗanda wannan karon ba ta ɓoye ba.

"Ba sai ta yi magana ba," ya ce. "Ni na sa su."

"Masu kamfanin sun sani?"

"Sun ce in san yadda zan yi. Abin da suka ce ke nan a waya, in san yadda zan yi. Kuɗin hatsi babu. In na saya, babu man gas, babu albashi. In ban raba ba, babu kwangila. Ga iri jibge a sito yana jiran ƙwari." Ya share fuska da hannun riga. "Ni ɗan ƙauye ne, Sufeto. Mahaifiyata ba ta taɓa tuƙa tuwo ba surfe ba. Na ce mun wanke, su ma za su surfa, su bakace, su sake wankewa. Me zai rage?"

"Ka faɗa wa waɗanda ka raba wa su surfa?"

"In na faɗa, za su tambayi dalili."

"Yaushe rabonka da cin tuwo a cikin garin nan?"

Alhaji Abdussalam ya sunkuyar da kai.

"Da hannuna na miƙa wa Malam Inuwa buhun," ya ce daga baya. "Ya riƙe hannuna yana sa mini albarka, mai hoto yana cewa mu ƙara matsowa."

Saja Basiru ya ciro ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai, ya nuna mota. Manajan ya miƙe, ya zaro makullai daga aljihu, ya duba hagu da dama ya rasa wanda zai ba, sai ya miƙa wa maigadi. Ya shiga bayan motar da kansa.

Sufeto ya ba da umarnin a rufe sito da wurin wankin har a gama bincike. Maigadi ya ja ƙofar ƙarfen, ya sa kwaɗo.

Ma'aikatan ba su watse ba. Sun tsaya cirko-cirko a tsakar kamfanin, maza a gefe, mata a gefe, da kwanukan abincinsu a hannu. Wata mai goyo ta matso kusa da Sufeto.

"Yallaɓai, gobe mu zo?"

"Ban sani ba, Hajiya."

Matar ta juya ta kalli Zuliha. Sauran ma suka juya. Babu wanda ya zage ta, babu kuma wanda ya yi mata gaisuwar mahaifinta. Larai, wadda suke wanki tare, ta sunkuya tana gyaran takalmin da bai kwance ba.

"Zuliha, shigo mu sauke ki a gida," in ji Sufeto, ya juya yana buɗe mata ƙofar gaba.

Da ya waiwayo ba ta wurin. Ta bi ta ƙaramar ƙofar maigadi, ta kama siririyar hanyar da ta ratsa gonaki, ita kaɗai.